Shukar Sabina

A ƙauyenmu na Dunmarsh, idan mutum ya iso wurin biki bayan an wanke tukwane, ko ya yi wa tumakinsa sausaya ana jibi sanyi zai sauka, ba a ɓata yawu wajen yi masa faɗa. Cewa kawai ake yi, "Wane ya yi shukar Sabina." Rabin yaran da ke faɗin haka yanzu ba su ma san mai sunan tana nan da ranta ba, a ɗan gidan nan mai rufin ɓawon itace da ke bayan maƙera, kuma kunnenta ras yake.

Abin da ta yi kuwa bai taka kara ya karya ba. Dankali ta shuka a tsakiyar watan Maris.

To, ko jaririn da aka haifa jiya a tsibirin nan ya san a Oktoba ake shuka dankali, in ƙasa ta fara ɗumi. Maris watan haƙa ne, watan da ake cika rumbu, a toshe kafofin bango, don hunturu na bakin ƙofa. Amma ranar sha bakwai ga wata, ranar Waliyyi Patrick, gari na wayewa sai ga Sabina Kilbane a ɗan filin da ke bayan ɗakinta. Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta ja kunyoyi shida miƙaƙƙu kamar an sa musu zare. Ta yayyanka irin, kowane yanki da idonsa, ta yayyafa masa ruwan albarkar da ta roƙo wurin Fada, limamin cocinmu, tana turawa cikin ƙasa tana addu'a da harshen garinsu.

Maƙwabcinta Enoch Pask, mai amalanken shanu, ya fito zai ɗaura wa shanunsa karkiya. Ya gani, ya ajiye karkiyar, ya zo ya jingina da shinge. Shi ma, kamar Sabina, jirgin fursunoni na gwamnati ne ya kawo shi shekara talatin da suka wuce, kan wani sirdi da har gobe yake cewa aro ya yi. Amma ya daɗe da samun takardar 'yanci, har ya ajiye tumbi.

"Maƙwabciya, wa ya rasu? Na ga ana binnewa, ba a gaya mana ba."

"Dankali nake shukawa, Baba Enoch. Ko idanun ma sun bi haƙoran?"

"Yau? A Maris?"

"Yau ranar Waliyyi ce. Uwata ranar take shukawa, kakata ma haka."

"Kakarki a Ailan ta yi tata shukar, baiwar Allah. Nan gindin duniya muke, komai a kife yake. Waliyyin nan naki ya taɓa kwana a Dunmarsh cikin watan Mayu? Bargo uku nake rufa, matata Dorcas ta huɗu, duk da haka da safe sai na laluba na ji ko hancina yana nan."

"Wanda ya kori macizai daga ƙasa guda, raɓa ce za ta gagare shi?"

"Ai ga macizan nan, duk nan ya koro su," in ji Enoch. "Tare da mu."

Ta ci gaba da tura irinta. Shi kuwa ya ɗaura shanu ya kama hanyar Hobart, babban birnin tsibirin, da lodin ulu. Kwana uku ake yi a hanyar, kuma babu masaukin da ya tsaya bai sauke labarin ba. Enoch ba mugu ba ne. Bakinsa ne dai ba shi da murfi, in labari ya shiga cikinsa sai ya riƙa yi masa ƙaiƙayi har ya fito.

Mu ma mun yi dariya, ba zan ɓoye ba. Sai dai akwai lissafin da Sabina ta yi da yatsunta wanda mu masu dariyar ba mu yi ba, kuma kafin a gane shi dole a koma baya kaɗan, zuwa ga agwagwa.

A gaɓar tekun Mayo, can ƙasar Ailan, aka haife ta. Shekarun da dankali ya ruɓe a cikin ƙasa, zazzaɓi ya ɗauke mijinta ya bar ta da 'yar shekara uku mai suna Nuala. Da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, sai ta bi ta bayan gidan wakilin mai ƙasa, ta sunkuci agwagwa ta cusa cikin mayafi, ta rungume kamar jinjiri. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a bakin gada ta yi kiciɓis da ɗan sanda. Ya ce me ta ɗauko. Ta ce ɗanta ne, ba shi da lafiya. Nan take ɗan ya yi magana. Ɗan sandan ya ce shi dai ya ji tari iri-iri a wannan shekara, amma bai taɓa jin irin wannan ba.

Shekara bakwai a hayin teku, haka alƙali ya yanke. Idan Sabina na ba da labarin, nan take tsayawa ta girgiza kai. "Ko gashinta ban fige ba," in ji ta. "An kawo ta kotu ta ba da shaida, aka mayar da ita gida. Ni ce ban koma ba."

An bar ta ta shiga jirgi da 'yarta. Wata huɗu suna kwana a kan katako ɗaya, yarinyar na riƙe da gashin uwar. A bakin ruwan Hobart aka jera matan gefe guda, aka kwashe yaran a keken doki zuwa gidan marayu. Sabina ta ce ai wannan ba marainiya ba ce, ga uwarta nan tsaye. Aka ce mata ɗan fursuna maraya ne har sai uwarsa ta zama mutum.

Ita kuma aka kai ta gidan wankin gwamnati da ke gindin dutse, inda bango ya yi tsawon da rana ba ta leƙowa sai da tsaka, ita ma a gurguje, kamar mai tsoron a riƙe ta. Daga can ake ba da aron mata ga masu gida su yi musu bauta. Gidan farko da aka kai Sabina, daga tagar bene ana hango hanyar gidan marayu. Sati uku ta daure. A na huɗu aka aike ta ɗebo ruwa, ta ajiye bokiti a bakin famfo ta miƙe hanya. Ta isa, ta leƙa ta shinge, ta ga 'yan mata kusan ɗari biyu, duk an aske su, duk riga iri ɗaya. Ta duba, ta duba, ta kasa gane tata. Sai ta shiga ƙwala kiran sunan, har aka zo aka kama ta. Aka aske mata kai, aka mayar da ita kan bahon wanki, aka ƙara mata shekara ɗaya da rabi. Bayan shekara biyu ta sake, aka sake. Bakwai ta zama goma.

Daga nan ta koyi zama wuri ɗaya. Ta ce duk cikin ayyukan da gwamnati ta sa ta, babu mai wuya kamar wannan.

A shekara ta tara aka ba ta tikiti, wato takardar da ke barin fursuna ya nemi na kansa, amma a gundumar da aka rubuta masa kaɗai. Ita Dunmarsh aka rubuta mata, mil sittin daga 'yarta. Ba ta da ikon ƙetare gadar ƙauye sai da izini, kuma duk farkon wata sai ta je an kira sunanta ta amsa. A 'yan shekarun ne ma aka sauya wa tsibirin suna, wai tsohon yana warin sarƙa. An sauya suna, teku dai na nan inda take. Namiji in ya gama wa'adinsa yana iya jan igiya a jirgi ya biya kuɗin komawa da ƙarfinsa. Mace babu igiyar da ake ba ta.

A watan Fabrairu ta iso, wani mai tumaki ya ba ta ɗakin nan da ɗan filin bayansa a bakin wankin gidansa. Ga kuma yadda doka take. Mai tikiti tana iya neman a ba ta ɗanta, in ta nuna wa majistare tana da rufi da abin da za ta ciyar da shi. Amma duk yaron da ya cika sha biyu a gidan marayu, sai a ba da shi ga duk mai gidan da ya nema, ya yi masa aiki har ya kai sha takwas, ko a wane lungu na tsibirin yake. Nuala kuwa da Kirsimeti za ta cika sha biyu.

To ga lissafin. In ta jira Oktoba kamar kowa, ba za ta haƙa ba sai Fabrairu ko Maris, an ba da yarinya da wata biyu. In ta shuka ranar Waliyyi, a can gida cikin Yuli ake cin sabon dankali. Ko ta san sanyi na tafe? Matar da ta yi hunturu takwas tana fasa ƙanƙarar baho da gwiwar hannu kafin ta fara wanki, ba a koya mata sanyin tsibirin nan. Ta sani. Ƙofa ɗaya ce ta rage, kuma ko a rufe take sai ta tura. Wankin wata guda ta yi wa Dorcas aka ba ta kwando biyu na iri, ba ta gaya wa kowa dalili ba, don a gidan wanki ta koyi cewa abin da kake so, in ka faɗe shi, ka nuna inda za a dake ka.

Abin mamaki, dankali ya tsiro. Cikin Afrilu kunyoyin nan shida suka yi kore shar, ganye ya buɗe kamar tafin hannu. Masu dariya suka fara rage murya. Enoch ya riƙa tsayawa a bakin shinge yana sosa gemu. Ita kuwa kullum da yamma sai ta lulluɓe su da ciyawa da tsofaffin buhuna, har da bargonta guda ɗaya, da safe ta yaye.

Sai wata safiya a sati na biyu na Mayu. Ta buɗe ƙofa ta ga duniya fari fat, raɓa ta daskare a kan shinge, a kan buhunan, har a ƙarƙashinsu. Ganyen na nan tsaye da kyansa, sai da rana ta taɓa shi. Kafin tsakar rana ya yi baƙi ƙirin, ya kwanta. Irin baƙin nan ne da ta taɓa gani sau ɗaya a Mayo, shekarar da aka fara binne mutane babu akwati. Dorcas ta ce ta hango ta tsaye a tsakiyar kunyoyin har inuwa ta juya, ba kuka, ba motsi. Daga baya ta durƙusa ta tona da hannu. Abin da ta samu bai fi ƙwan tantabara girma ba, duka-duka bai cika gaban zaninta ba.

Duk da haka, da majistare ya zo zamansa na Yuni a babban ɗakin masaukin ƙauye, ta je da takardar da Fada ya rubuta mata. Ta wanke hularta ta goge, ta tsaya ta haɗa hannuwa. Majistare ya duba takarda, ya ɗaga kai.

"Kilbane, ta Dunmarsh. Tsaya. Ke ce mai dankalin?"

Magatakarda ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"A gida uku aka ba ni labarinki a kan tebur. An ce Waliyyinku ya koro mana macizai, ya manta bai aiko da bazara ba." Ya jira aka gama dariya. "To, matar da ba ta san rani da hunturu ba, da me za ta ciyar da yarinya? Ki shuka lokacin da masu hankali ke shukawa, ki dawo a Maris in ga rumbunki."

"Ranka ya daɗe, da Kirsimeti za ta cika sha biyu."

"Ba ni na haife ta da Kirsimeti ba. Na gaba."

Na gaban kuwa Enoch ne, an kawo ƙararsa kan wani sansa da ya shiga gonar mutane. Yana tsaye a bakin ƙofa ya ji komai. Ya ji zancensa na macizai ya zaga gidajen manya ya dawo ta bakin majistare, an yi masa kwalliya. Sabina ta wuce ta gabansa, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ranar ya koma gida ya tasa kwanon tuwonsa a gaba ya kasa ci, abin da Dorcas ta ce ba ta taɓa gani ba ko ranar da aka cire masa haƙori uku.

"Ni ban san da yarinya ba," in ji shi. "Wallahi ban sani ba."

"Ka tambaya? Kai dai a ba ka labari ka yi lodi. Bakin nan naka da amalanke ne, da tuni gatarinsa ya karye." Ta janye kwanon daga gabansa. "To, tunda ka iya kai kaya Hobart, sai ka koyi ɗaukowa."

Wata shida Sabina ba ta amsa gaisuwarsa ba. Da Oktoba ya zo ta sake jan kunyoyinta ta shuka, kamar wadda ke share ɗakin da aka riga aka kwashe kayansa. Kwana biyu kafin Kirsimeti, Enoch ya ciro kwat ɗin da aka ɗaura masa aure da ita, wadda maɓallanta suka daina gaisawa tun shekara goma, ya sa takardar 'yancinsa a aljihu tare da wasiƙar Fada, ya ɗaura shanu. A gidan marayu ya ce yana neman yarinyar aiki, bayan matarsa ya ƙage. Aka nuna masa ƙarfafa guda uku. Ya ce shi wata Kilbane aka yaba masa. Da an san uwarta na bayan shingensa, da ba a ba shi ba. Shi ya sa mutanen Dunmarsh ke cewa, in ana lissafin abubuwan al'ajabi na tsibirin nan, a sa da wannan: Enoch Pask ya yi kwana shida a hanya, zuwa da dawowa, bai ba ko sa labari ba.

Sabina na shanya wanki amalanken ya tsaya. Aka sauko da wata 'yar siririya mai askakken kai, ta tsaya ƙyam, hannuwa a baya, idanu a ƙasa. Wannan karon ba ta cikin ɗari biyu, kuma haɓar ubanta ce sak. Sabina ta saki rigar da ke hannunta a ƙasa, ta zo bakin shinge, ta riƙe itacen da hannu biyu. Ta yi mata magana da harshen gida, irin maganar da take yi mata a jirgi. Yarinyar ta ɗago, ta dubi Enoch don a fassara mata. Da ta ga babu mai fassara, sai ta ɗan rusuna yadda aka koya musu.

"Ina wuni, uwargida."

Takardar da Enoch ya sa wa hannu a fili take. Yarinya ta gidan Pask ce har ta kai sha takwas. A ƙarƙashin rufinsa za ta kwana. In aka same ta ta kwana wani wuri, gudu ta yi, wanda ya ba ta masauki kuma, in mai tikiti ne, ya koma bahon wanki. Saboda haka aka zauna shekara shida, uwa a nan, 'ya a can, shinge a tsakani. Da yamma Sabina kan raka ta har bakin shingen, ta tsaya sai ta ji Dorcas ta sa sakata.

Amma doka ba ta hana mai gida aiken yarinyarsa ba. Kowace safiya sai Enoch ya fito ya buɗe murya yadda ɗan sandan ƙauye zai ji daga ofishinsa.

"Ke yarinya! Maza je ki sa ido a kan matar can, kada ta shuka mana wani abin!"

A cikin kunyoyin dankali suka saba. Sai da aka ci wata goma sha biyar kafin "uwargida" ta koma "Inna", kuma ranar ma cikin faɗa ne. Maris ya zagayo, Nuala ta tarar da ita tana yanka iri, ta riƙe ƙugu ta ce, "Haba Inna! Ko a gidan marayu mun san ba yanzu ake yi ba." Sabina ta ce a sake faɗa mata, ba ta ji ba. Ta ji sarai.

Yau shekara goma sha biyar ke nan. Nuala ta yi aure a arewacin tsibirin, tana zuwa da 'ya'yanta uku duk lokacin haƙa. Sabina ta daɗe da samun takardar 'yanci, babu mai kiran sunanta farkon wata. Amma ba ta taɓa ƙetare gadar ƙauye ba. In ta kai bakinta sai ƙafa ta tsaya da kanta. Dorcas ta ce tikitin ne ya fita daga aljihu ya shiga ƙashi. Teku kuwa ba ta sake ganinta ba, kuma ta ce ba ta bin ta gaisuwa.

Duk Oktoba tana jan kunyoyi shida, kuma babu dankalin da ya kai nata gari a Dunmarsh. Duk ranar sha bakwai ga Maris kuma tana jan kunya ɗaya, can gefe, ta yayyafa ruwan albarka ta shuka. Ya tsiro a Afrilu, Mayu ya kashe shi. Ba a taɓa fashi ba, daga ɓangarenta ko daga ɓangaren sanyi.

Bana ma muna nan ta fito da sheburinta. Enoch, wanda yanzu haƙori ɗaya ya rage masa, yana zaune a kan kututture a bakin shinge yana shan hantsi.

"Maƙwabciya, har yanzu Waliyyin bai samu jirgi ba? Shekara goma sha biyar ana kashe miki abu, ke ba kya gajiya? Yara fa sun mayar da ke karin magana. Ki yarda kawai kin yi kuskuren rana."

Ta kafa shebur, ta miƙe a hankali tana dafe da ƙugu, ta dube shi.

"Ranar daidai take, Baba Enoch. Ni ce aka ajiye a inda ba daidai ba. Miƙo min kwandon nan, tunda bakinka ne kaɗai ke aiki."